Ƙaramar feloda mai ƙugu: wacce za ta iya da aikin Gombe?

Duk ɗan kwangilar da ya taɓa sare tsohuwar dalbejiya a cikin gida a Jekadafari ko Bolari ya san cewa saran ba shi ne wahalar ba. Mai injin yanka zai gama nasa kafin azahar. Sauran kwana biyun kuwa a kan fitar da gungumen za su tafi, leburori shida suna mirgina shi da sanduna ta zauren da babbar feloda ba ta isa ta leƙa ba. Haka mai cikon marmara a fili, da mai shimfiɗa intalok, da mai kai yashi bakin kwalbati a lungun da tifa ba ta shiga. Irin wannan aikin ne aka ƙera wa ƙaramar feloda mai ƙugu, wato wadda jikinta ya rabu biyu, gaba da baya, tana lanƙwashewa a tsakiya idan za ta juya.

Wannan ƙugun shi ya bambanta ta da ƙaramar Bobcat da aka fi sani, wadda kamfanin ya fara fitar da irinta a 1960. Waccan tana juyawa ne ta hanyar tsayar da tayoyin gefe ɗaya, ɗayan gefen yana tafiya, don haka tana gurzar ƙasa. A gidan mutum mai intalok ko ciyawa, kafin ka gama aiki ka riga ka ɓata wani. Mai ƙugu tayoyinta birgima suke yi, na baya na bin sawun na gaba. Taya ma ta fi daɗewa.

Waɗanda ke kasuwa sun kasu kusan gida uku.

Gida na farko shi ne na Avant da MultiOne. Avant koriya ce, ana ƙera ta a garin Ylöjärvi na ƙasar Finland tun 1991, MultiOne kuma shuɗiya, daga Italiya. Ƙirarsu ta yi kama sosai. Direba yana zaune a kan ɓangaren gaba, kusa da bokiti, yana ganin bakin aikinsa tar. Hannunsu yana miƙewa ya dawo, kuma kowace taya tana da nata injin haidirolik, wato injin da matsin mai yake juyawa. Ƙanana ne masu sauƙin nauyi: Avant ta jerin 500 ba ta wuce tan ɗaya da rabi ba, faɗinta mita ɗaya da 'yan kai, tana ɗaga kusan kilo 950, wato buhun simintin Ashaka goma sha tara. Babbarsu ta jerin 800 tana kaiwa kilo 1,900, ta ɗaga shi sama mita uku da rabi. Ga mai aikin itace wannan gidan ya fi, a ganina. Hannun da ke miƙewa yana ba ka damar tsayawa a bayan katanga ka ciro reshe, ko ka ɗora gungume a tsakiyar mota ba a bakinta ba. Sai dai sabon direba ya kula: tunda kujerar tana gaba, idan ya juya bayan kujerar yana fita gefe, kuma a lungu katangar maƙwabci ce za ta sha duka.

Gida na biyu su ne Giant ta Holan, da Weidemann da Schäffer na Jamus. Waɗannan daga gona suka fito, Weidemann ta fitar da irinta ta farko a 1972 don kwashe taki a garken shanu. Direba yana ɓangaren baya, kamar a babbar feloda, kuma ƙugun yana ɗan karkata gefe da gefe, ta yadda tayoyi huɗu za su ci gaba da taka ƙasa a wuri mai gargada. Jikinsu ya fi kauri, sun fi son tura ƙasa da cika bokiti daga tsibin marmara tun safe har yamma. Wanda yawancin aikinsa ciko ne da baje ƙasa, ko aiki a bakin kwarin da zaizaya ta ci a cikin Gombe, nan ya kamata ya duba.

Gida na uku na China ne, waɗanda ake rubuta wa ZL08, ZL10, ZL16 da sauransu. Lambar tana nuna abin da aka ce suna ɗauka: kilo 800, tan ɗaya, tan ɗaya da kilo 600. Babbar feloda ce aka ƙanƙance, da giya da akzil, da injuna irin su Changchai da Xinchai. Sun fi sauran araha nesa ba kusa ba, sun kuma fi faɗi da tsawo, don haka ba kowace ƙofa suke shiga ba. Walda da tiyo da wayoyin wuta sukan bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, ko da fenti ɗaya ne. Amma bakaniken da ya saba da tarakta da injin niƙa ba zai tsaya yana kallonsu ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu ga inda mai sayarwa yake cin mutane, wato lambar nauyi. Lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe galibi nauyin da zai ɗaga tayoyin baya ne, injin yana tsaye miƙe, hannu a janye, a kan siminti. Da zarar ka lanƙwasa ƙugun, lambar ta faɗi. Ka miƙa hannun, ta sake faɗi. Ƙa'idar da masu ƙera su ke bi ita ce, da bokiti, nauyin aiki rabin wancan ne a lanƙwashe. Da cokulan ɗaukar kaya kashi 80 cikin ɗari a ƙasa mai ƙarfi, kashi 60 a wuri mai gargada. To lissafa: ɗanyen gungume mai faɗin santimita 60 da tsawon mita biyu ya haura rabin kubik mita, kuma ɗanyen itace mai nauyi irin maɗaci ko tsamiya yana kusantar tan ɗaya a kowane kubik. Rabin tan ke nan, ban da nauyin hannun kamun da ke riƙe da shi, wanda shi ma cikin lissafi yake. Injin da aka rubuta wa 950 zai ɗauka, amma a gangare, a kan yashi, direba zai ji bayansa yana rawa. Ka tambayi lambar a lanƙwashe, a rubuce.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci a wurinmu, kuma ba za ka ji shi a bakin dillali ba. Tun 2019 dokar hayaƙi ta Tarayyar Turai ta tilasta wa injunan dizal da suka kai kilowat 19, kusan ƙarfin doki 25, su ɗauki matatar hayaƙi a salansa, da kwamfuta mai kula da ita. Shi ya sa za ka ga injuna da yawa sun tsaya cak a doki 25 ko 26: guje wa matatar suke. Matatar tana son tsabtataccen mai. Mu kuwa mun san man gas ɗin da ake saya a jarka a bakin hanyar Dukku ko Bajoga idan aiki ya matsa. Matatar ta toshe, kwamfuta ta rage wa injin ƙarfi, sai a zauna jiran mai na'urar dubawa daga wani gari, mai aiki yana ta kira. Ni dai da kuɗina, ko in sayi mai doki 25 da injin Kubota ko Yanmar na gargajiya, ko in nemi tsohuwa ta hannu da aka ƙera kafin dokar, ko samfurin da kamfani ke yi wa ƙasashen da dokar ba ta shafa ba.

Sai dai ƙaramin inji yana da nasa rauni: man haidirolik ɗin da yake iya turawa zuwa kayan aiki a minti bai kai na babba ba. Bokiti da hannun kamun gungume ba sa cin mai da yawa, lita 30 zuwa 40 a minti ta ishe su. Injin cinye kututture da na haƙa ramin tiyo su ne masu haɗama, sun fi jin daɗi daga lita 60 zuwa sama. Idan shirinka shi ne haƙa ramukan dashe, irin aikin da ya ƙaru tun da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, ƙaramar za ta juya maka injin huda ƙasa ba matsala. Idan kututture za ka riƙa ci kullum, dole ka nemi babban inji mai matatar, ka kuma tanadi tanki naka na mai mai kyau.

Zafi da ƙura kuwa ba sa zaɓe. A watan Maris da Afrilu man haidirolik yana tafasa idan babu na'urar sanyaya shi mai fanka, kuma a wasu ƙananan samfura ƙari ce da ake biya daban, don haka ka leƙa ka gani da idonka. A hunturu filtar iska kullum sai an kaɗe ta, lagireto a hure shi.

Idan ta hannu za ka saya, sa direba ya dafa bokiti a ƙasa ya ɗaga gaban, kai kuma ka tsuguna ka kalli ƙugun. In yana motsi da ƙara, fin da bushi, wato ƙarafan da ke haɗe gaba da baya, sun cinye. Ka bar ta ta yi aiki awa guda ta yi zafi sannan ka hau gangare da kaya, domin famfon da ya gaji ba ya nuna kansa da sanyin safiya. Ka duba farantin da ake maƙala kayan aiki: na Avant daban, na Bobcat daban, kuma bokitin wani ba ya shiga na wani sai da mahaɗi. Bokiti da cokula mai walda a Gombe zai iya ƙera maka, amma injin taya na haidirolik sai an yi oda, don haka ka kira masu kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da lambar injin tun kuɗi suna aljihunka, ka ji abin da suke da shi a kanta.

Saura ɗauka. Ƙananan ba su da gudu, ba za ka tuƙa su zuwa Kumo ko Billiri ba. Mai tan ɗaya da rabi tana hawa bayan motar Kanta da katako biyu masu ƙarfi. Ta China mai tan uku sai an yi hayar babbar mota duk tafiya, kuma wannan kuɗin yana fita ne daga ribar kowane aiki. Kafin ka je kallon kowace, ɗauki tef ka auna ƙofofin gidaje biyar na ƙarshe da ka yi wa aiki, ka rubuta mafi ƙanƙanta a takarda, ka tafi da ita.