Markaz (cibiya) na kwana, na yini, ko mai kula a gida: wanne ya dace da babba mai tawayar fahimta?

A gidajen Hausawan Makka da Jidda, daga Shara Mansur har Karantina, galibi uwa ce ke riƙe da ɗa mai tawayar fahimta har ya kai shekara talatin ko arba'in. Sai ƙarfinta ya fara ƙarewa 'yan'uwa suke shiga neman mafita, kuma sau da yawa a gurguje.

Cibiyoyin kwana na gwamnati, waɗanda Larabawa ke kira marakizut ta'ahilish shamil, suna ƙarƙashin Ma'aikatar Albarkatun Ɗan Adam da Ci Gaban Al'umma. An tanade su ne domin masu naƙasa mai tsanani, maza daban mata daban, kuma 'yan ƙasa ne a gaba. Baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ya fara tambayar sharuɗɗan shiga kafin ya sa rai. Cibiyoyin yini masu zaman kansu kuwa ma'aikatar ce ke ba su lasisi: a ɗauki mutum da safe, a koya masa wanka, sa tufafi da ɗan aikin hannu, ya dawo ya kwana cikin danginsa. A ganina, ga wanda yake ci da kansa kuma yana gane mutanensa, wannan ya fi. Sai dai wasunsu yara kaɗai suke karɓa, don haka a tambayi iyakar shekaru. Ɗauko mai aiki ta manhajar Musaned yana barin mutum a ɗakinsa, amma ita aikin gida aka ɗauko ta yi, ba jinya ba, kuma babu mai duba ta sai ku.

Ko wacce cibiya ce, a nemi ganin lasisin ma'aikatar da takardar kariya daga gobara ta Difa'ul Madani, wato hukumar kashe gobara da ba da agajin gaggawa, a duba ko wa'adinsu bai ƙare ba. Nas da likita kuma su kasance da rajistar Hukumar Ƙwararrun Lafiya ta Saudiyya.

Takarda dai takarda ce. Ingancin wuri yana wajen ma'aikata, musamman na dare. Mutum nawa ke kwana da mazauna nawa? Wa ya san abin yi idan farfaɗiya ta tashi, tunda ta fi yawa a tsakanin masu wannan lalura? Ku je lokacin cin abinci, ba lokacin da aka sa muku ba. Da yawansu suna da matsalar haɗiya, kuma ƙwarewa da abinci na iya kisa. Ku ga ko ana zaunar da mutum sosai, ana ba shi a hankali, ko ɗura masa ake yi don a gama. Idan kun tarar da rabin mazauna suna gyangyaɗi da hantsi, ku tambayi magungunan da ake ba su da sunan likitan da ya rubuta. Shirun da magani ya kawo ba natsuwa ba ne. Ku leƙa banɗaki, ku duba ko ƙofar gaggawa ba a garƙame take da kwaɗo ba, ku kuma tambayi abin da suke yi idan na'urar sanyaya ɗaki ta mutu a zafin Makka da kan haura digiri 45.

Akwai kuma harshe, wanda iyalai kan manta. Wanda duk rayuwarsa da Hausa Inna ke lallashinsa, idan ba mai jin “cikina” ko “ƙishi” a wurin, ciwonsa zai daɗe ba a gane ba. A rubuta musu kalmominsa da alamunsa.

Doka tana bayanku: Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kafa hukumar kula da su a 2018, ta fitar da sabuwar dokar haƙƙinsu a 2023. Idan kun ga tabo ko rama da aka kasa yi muku bayaninsu, ku ɗauki hoto, ku rubuta ranar, ku kira 1919, layin ƙorafin cin zarafi.