Gidan Tarihin Yaƙi na Umuahia: me ake gani, me ya yi ƙaranci

Wuri biyu ne, ba a harabar guda ba. Babban gidan yana Ebite Amafor, a gefen Umuahia ta jihar Abiya, inda gidan rediyon Biyafara ya ɓuya a ƙarƙashin ƙasa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ramin Ojukwu kuwa, wato maɓoyar ƙarƙashin ƙasa ta shugaban Biyafara Odumegwu Ojukwu, yana cikin gari, sai a hau Keke Napep. An kafa gidan a 1985, kuma hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ke kula da shi. A ware awa uku, a tafi da safe kafin rana ta take.

Filin waje shi ne abin kallo. Ga jirgin ruwan yaƙi NNS Bonny, ga jirgin Ilyushin ƙirar Rasha da gwamnatin tarayya ta yi ruwan bama-bamai da shi, kusa da shi ga ɗan mitsitsin jirgin da ake kira Biafran Baby, wanda asalinsa na koyon tuƙi ne daga Suwidin aka ɗaura masa rokoki. Bambancin girman su biyun kaɗai ya isa bayani. A tsaya sosai wajen kayan ƙirar gida na 'yan Biyafara: motocin sulke da aka yi wa walda a kan tsofaffin ƙarafa, tukunyar tace ɗanyen mai, da Ogbunigwe, nakiyar da ake cusa wa guntayen ƙarfe. Tabon waldar na nan ƙuru-ƙuru, aikin mutanen da aka toshe wa teku da tudu. Sai dai ruwan saman kudu ba ya raga wa ƙarfe, tsatsa ta ci wasu.

Ramin Ojukwu zurfinsa kusan mita 8 ne, an haƙa shi a 1968 bayan Enugu ta faɗi, Umuahia ta zama hedikwatar Biyafara har Afrilun 1969. Matakalar a matse take, ciki da zafi, don haka mai ciwon gwiwa ya yi tunani. A riƙe tocila ko da wuta za ta ɗauke.

Inda gidan ya gaza shi ne rayuwar talakan da aka ci da yaƙi. Akwai hotunan yaran da yunwa ta kumbura wa ciki, amma ƙarfe ya fi mutum samun fili. Dole sai an matsa wa ɗan rakiya da tambaya: yadda gishiri ya yi tsadar zinariya, yadda mata ke ratsa bakin daga su yi cinikin da ake kira afia attack, yadda jiragen agaji ke sauka cikin dare a titin mota na garin Uli da aka mayar filin jirgi, da fam 20 da aka bai wa masu ajiya a banki bayan Janairun 1970, komai yawan kuɗin Biyafara da suka kai. Ɗan rakiya a nan ba zaɓi ba ne, a ɗauke shi tun daga ƙofa, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoto a ciki.