GARGAƊI: dala 640 na biya, aka aiko min rasfait na bogi

Raina bai gama hucewa ba, amma jiya na ga mutumin da ya sayar min da dutsen bogi ya sake ɗora wani "rasfait" don sayarwa da sabon suna, hoto iri ɗaya, har audugar da ke ƙarƙashin dutsen ita ce. To wallahi ba zan yi shiru ba. Dala 640 ya karɓa a hannuna. Dala 640, ban da dala 55 da ya ce kuɗin aike da inshora ne.

Kafin wani ya ce min "ai kai ma da ganganci", ga abin da na sani tun ban san da shi a duniya ba. Rasfait ma'adini ne, haɗin dalma da ƙarfen tungsten da oksijin, wanda ake rubutawa PbWO4. A Broken Hill ta Ostireliya aka fara gano shi a 1897, aka sa masa sunan Charles Rasp, Bajamushen da ya fara kafa turken haƙar ma'adinai a wurin a 1883. Rawaya ne, wani lokaci da sirkin ruwan ƙasa, yana ƙyalli irin na lu'ulu'u, taurinsa 2.5 zuwa 3 a ma'aunin Mohs, nauyinsa kuwa ya ninka na ruwa sau 8 da ɗoriya. Duk wannan a kaina yake. Tambayoyi na jera masa, ba na wasa ba. Na ce ya auna nauyi a bidiyo, ya auna, ya fito sama da 8. Na ce ina takardar gwaji, ya turo: dalma da tungsten, ga su nan ɓaro-ɓaro. Wa zai ga haka ya ce ƙarya ce?

Bidiyon nan ne yake ta dawo min. Ya riƙe dutsen da ɗan hantsaki, yana juya shi a hankali ƙarƙashin fitila, ya ce "ba kowa nake nuna wa wannan ba, na ga ka san abin ne". Na ga ka san abin ne. Da wannan kalma ya kama ni, kuma gaskiya ya faɗa, na san abin. Shi ma ya san na sani, shi ya sa ya shirya duk amsoshin da mai sani zai nema.

Ga inda makircin yake, ku natsu. PbWO4 ba rasfait kaɗai ba ne. Akwai istolzait, sinadarinsu ɗaya sak, ba ƙari ba ragi. Bulo iri ɗaya ne, gini biyu daban. A istolzait, kowane tungsten oksijin 4 ne ke kewaye da shi, ginin kuma mai gindi murabba'i ne, kusurwoyinsa duk a miƙe. A rasfait, oksijin 6 ne ke kewaye da tungsten, sun sarƙe da juna sun yi jerin sarƙa, kusurwa ɗaya ta ginin kuma a karkace take. Saboda haka takardar da ta ce "dalma da tungsten" ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta raba gardama ba ko kaɗan. Nauyin ma kusan ɗaya ne, sikelin teburi ba zai bambance su ba. Ya san haka sarai. Da takarda mai gaskiya ya sayar min da ƙarya a kan dala 640.

Kai, na ma tsallake maganar takardar shaida. Tun kafin bidiyon, ko bayansa ne, oho, ya nuna min wata tsohuwar takarda mai rubutun hannu, wai ta mai tarin farko ce, an rubuta Broken Hill da sunan ma'adinin. A hoton, babban yatsansa ya rufe kusurwar ƙasa. Da kayan suka iso na duba wurin: 1891. Takardar 1891 ɗauke da sunan da ba a raɗa ba sai 1897! Yatsan nan ba kuskure ba ne. Zan ɗora hoton nasa da nawa gefe da gefe ku gani da idonku.

Girman ma na yi magana a kai, kada a ce ban yi ba. Rasfait na gaske galibi 'yan milimita ne, wannan kuwa ya haura santimita 1. Ya ce irin na da ne, daga saman ramin da aka haƙe tun tuni, shi ya sa tsadar. Maganar ta shiga, domin a wannan sashe na sama da iska da ruwa suka ci ake samun irin waɗannan ma'adanai. Ku faɗa min, a ina na yi sakaci?

Na kai dutsen ɗakin gwaji aka haska masa eksire don a ga tsarin ginin, na sake biyan wani kuɗin a kan wancan. Sakamako: ginin istolzait. Mai gwajin ya sa shi a madubin ƙara girma ya nuna min sawun zarto a gefe biyu, ya ce alamu sun fi nuna an yanko shi ne daga na masana'anta. Dama ana sarrafa PbWO4 da yawa, na'urar CMS da ke cibiyar binciken kimiyya ta CERN kaɗai an gina ta da kusan guda 76,000, kuma ginin istolzait gare su. Wato ko istolzait na ƙasa ban samu ba.

Da na tura wa wanda ya sayar min sakamakon, kun san me ya ce? Wai rasfait yana rikiɗa ya koma istolzait idan ya sha zafi, wataƙila a jirgi ya rikiɗa. E, yana rikiɗa, kuma ba ya komawa, amma sai zafi ya kai wajen digiri 400 a ma'aunin Salshiyos. Digiri 400! Audugar ba ta ƙone ba, kwalin bai ƙone ba, takardar 1891 lafiyarta ƙalau, dutsen ne kawai ya dahu. Na rubuta masa haka, ya toshe ni. Dala 640 da dala 55, sun tafi.

Ku dai kada ku sayi rasfait da takardar sinadari, ku nemi gwajin eksire ko na Raman, wato na hasken leza, a kan wannan dutsen da kansa, kuma kada ku tura kuɗi ta hanyar da ba a iya dawo da su. Hotunan hirarmu na nan tafe da daddare, har da inda ya rubuta maganar zafin jirgi, don wanda na ba labarin ɗazu cewa ya yi ƙari nake yi.