Chiang Rai ko Hat Yai a ƙarshen Oktoba?

Hajiya, kin ce idan kin gama sarin kaya a Pratunam za ki samu kwana huɗu kafin jirginki, kuma kina son ki bar hayaniyar Bankok ki huta a wani gari tunda ruwa ya kusa ɗaukewa. Hankalinki ya fi kwanciya da Hat Yai saboda yawan Musulmi, amma an yi miki maganar Chiang Rai. Na kwana a duka biyun, kuma a wannan watan Chiang Rai nake so ki je.

Dalilina shi ne damina a Tailan ba ɗaya ba ce. A arewa, inda Chiang Rai take, ruwa yana sauka tun Mayu, ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba, ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba. Hat Yai kuwa tana can kudu kusa da iyakar Malesiya. Daidai lokacin da arewa ke bushewa ne iska ke juyawa, ta kwaso ruwan teku ta juye musu, daga Oktoba har Disamba. Ga garin a kwari. Ambaliyar da ta cinye shi a 2000 da 2010 da 2025, duka a watan Nuwamba aka yi. Ba na son ki maƙale a otal ga kayanki a Bankok ga ranar tashi ta matso.

Ba kushe Hat Yai nake ba. A wajen abinci ta yi wa Chiang Rai nisa. Soyayyar kazarsu, wadda ake barbaɗa wa soyayyar albasa a ci da shinkafa mai danƙo, har yau ina tuna ta. A kasuwar Khlong Hae, ƙarshen mako, mata sanye da hijabi ne zaune cikin kwalekwale suna miƙo miki abinci a kwando mai dogon sanda, kuma babban masallacin Songkhla yana nan kusa. Ki ajiye wannan tafiyar sai Fabrairu.

Chiang Rai ƙaramin gari ne mai natsuwa, Sarki Mangrai ya kafa shi a 1262. Yanzu ne kyansa. Shinkafa ta fara nuna a gonaki, sararin sama ya wanku, hayaƙin ƙona gonaki da ke turnuƙe arewa a Maris da Afrilu bai zo ba. Na hau dutsen Doi Mae Salong bayan sallar asuba, hazo ya kwanta a kwari kamar an baza auduga, raɓa na ɗiga daga ganyen shayi, sanyin kuma irin na farkon hunturu. Ki tafi da rigar sanyi. Idan kin samu yini guda ki je wajen Chiang Saen, inda Tailan da Laos da Bama suka haɗu a bakin kogin Mekong. Zai kasance a cike, ruwan jajir da laka.

Maganar salla da abinci, wadda na san ita ce damuwarki: a cikin gari akwai masallacin Darul Aman na Musulmin da kakanninsu suka zo daga Yunnan ta ƙasar Sin. A unguwar za ki samu khao soi na halal, taliya ce a cikin romon madarar kwakwa da kori, da kaza ko naman shanu. Da kin fita gari kuwa naman alade ya yi yawa, don haka ki yi guzuri, kuma ki haddace "mai kin mu", wato ba na cin alade.

Can ma ruwa yana ɓarna, a Satumbar 2024 kogin Kok ya shiga gari, shi ya sa ban yarda ki je kafin ƙarshen wata ba. Jirgin ƙasa bai kai can ba tukuna. Ki hau na sama daga filin jirgin Don Mueang na Bankok, kamar awa ɗaya da rabi kin sauka, kuma ki dawo Bankok ana gobe za ki tashi.