Rigar aurena ta yi kyau, amma an yanka ta ba a bar wurin gyara ba

Duk wadda ta tambaye ni ko telar da ta ɗinka min rigar aure ta iya aiki, zan ce mata ta iya, ba wani kwana-kwana. Leshin da ke ƙirjin rigar da hannu ta kafa shi, fure bayan fure, ba ki gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Duwatsun ma ɗinka su aka yi da zare, ba manna su aka yi da gam ba, kuma har yau ko ɗaya bai faɗi ba. Amma in aka ce in tura ƙanwata wurinta, sai na gindaya sharaɗi. Ƙawata riga fanni ne, sa ta zauna daidai a jikin mutum mai numfashi, mai zama da tashi da ɗaga hannu, shi ma fanni ne mai zaman kansa. Telata gwana ce a na farkon. A na biyun kuwa sai da muka kai ruwa rana.

Tun daga wurin awo matsalar ta samo asali. Ɗaya daga cikin yaran shagon ce ta auna ni, a gurguje, a kan kayan da na zo da su. Ta ɗauki ƙirji, ƙugu, kwankwaso, tsawon hannu da tsawon riga, ta rufe littafi. Ga doguwar riga mai sakin jiki wannan ya wadatar. Amma irin wadda na zaɓa, mai kama jiki tun daga ƙirji har gwiwa sannan ta baje, tana buƙatar fiye da haka: daga kafaɗa zuwa tsinin ƙirji, daga ƙashin wuya ta baya zuwa ƙugu, faɗin baya, zagayen hammata, kaurin damtse, da zagayen cinyoyi a haɗe. Mata biyu za su iya zama awon ƙirjinsu ɗaya, ƙugunsu ɗaya, amma gangar jikin ɗaya ta fi ta ɗayar tsawo da santimita 3 ko 4. Riga ɗaya ba za ta zauna musu iri ɗaya ba.

Na ce wa telar, "Anti, ba za a fara gwada ɗinkin da akoko ba kafin a taɓa yadin?" Ta yi dariya ta ce, "Haba amarya, da ido ma na san jikinki." Manyan gidajen ɗinki a ko'ina ba sa raina wannan mataki: a yanka samfurin rigar a yadi mai araha, a sa wa mai ita, a zana gyara da alli a jikinsa, sai an gamsu sannan almakashi ya hau satin. Ita ta ɗauke shi ɓata lokaci, ko ma raini ga iyawarta.

Ranar gwajin farko na tarar da rigar a jikin mutum-mutumi, ta yi kyau har na rasa abin cewa. Da aka sa min ita, sai da yara biyu suka taru kafin zif ya hau, ɗaya na haɗa baki ɗaya na ja. A tsaye, hannuwa a sauke, ciki a shanye, babu laifi. Na ce bari in gyara gashina, a nan na ji inda gizo ke saƙa. Hannun ya tsaya a rabin hanya kamar na kazar da aka ɗaure wa fiffike, kuma da na matsa masa sai rigar gaba ɗaya ta biyo shi sama, ƙugunta ya bar ƙuguna.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne dalilin. Na zaci ramin hammatar ne ya yi ƙanƙanta, ashe zurfi ya yi. Idan aka zurfafa hammata a riga mai kama jiki, hannun rigar yana haɗewa da gangar jiki a ƙasa da inda gaɓar mutum take lanƙwasawa, sai ya zama duk motsin hannu yana jan gefen rigar. Hammata mai tsayi, wadda ta matso kusa da jiki, ita ke ba hannu 'yanci. Kuma wannan kuskure ne na almakashi: abin da aka yanke aka zubar ba a mayar da shi. Da hammatar tsayi ta yi da yawa, da minti kaɗan ya isa a rage ta.

A baya kuma, saman ƙugu, yadin ya tattare ya yi layi-layi a kwance. Telar ta sa hannu ta shafe shi, ya kwanta, ta ce guga ce kawai bai sha ba. Ina motsawa ya dawo. Tattara irin wannan tana da abin da take faɗa. Wadda ta kwanta a kwance ta ɗame, matsi ne. Wadda ta sauko a tsaye tana lilo, yalwa ce ta yi yawa. Wadda ta karkace kuwa, ki bi ta da ido, inda ta nufa nan ne wurin da ya tsuke. Tawa ta bayan ba ta ɗame ba, taruwa ta yi, alamar bayan rigar ya fi bayana tsawo, yadin ya rasa inda zai je ya taru a kan kwankwaso. Awon wuya zuwa ƙugu da ba a ɗauka ba, ga sakamakonsa.

Sai na nemi kujera. Wannan shawara ce da zan ba kowace amarya: kada ki yarda a gama gwaji kina tsaye gaban madubi. Ki zauna, ki sunkuya, ki yi taku mai faɗi, ki ja dogon numfashi, ki rungumi wadda ta rako ki. Jiki yana buɗewa a kwankwaso da cinya idan an zauna, rigar da aka ɗinka cif da awon tsaye ba ta san da wannan ba. Ni dai a bakin kujerar na ɗosana, ina jin zaren gefe yana ƙara.

Yadda ta karɓi ƙorafin ne ya fi ɓata min rai a duk hulɗarmu. Kalmar farko da ta fito daga bakinta ita ce, "Amarya, kin ƙara jiki." Na ce a kawo tef da littafin awo. Aka sake aunawa a gabanta, lambobin suka fito yadda suke a rubuce. Sai ta koma cewa yadi zai saki in ya sha jiki. Satin mai kauri da aka yi wa shafi aka kafa masa ƙasusuwan roba a ciki ba ya saki, abin da zai saki shi ne ɗinkin, kuma a tsakiyar taro. Daga nan ta ce in ɗan rage jiki kafin ranar. Wannan maganar ta ƙona min rai. Dalilin da ya sa mutum ke kai ɗinki maimakon ya sayi ta kanti shi ne a yi rigar a kan jikinsa yadda yake. In ni ce zan koma daidai da rigar, me na je yi wurin tela?

Na ce to a saki gefe. Ta yi shiru, ta juya rigar ciki waje, sai na ga dalilin shirun. Rarar yadin da ake bari a bayan ɗinki an datse ta, abin da ya rage bai fi rabin santimita ba, an bi bakinsa da keke ya yi tsaf. Kyau kam ya yi kyau, amma babu abin saki. A ɗinki na yau da kullum akan bar kusan santimita 1.5. A rigar aure, masu hangen nesa kan bar 2.5 ko fiye a gefe da tsakiyar baya, kuma ba sa datsewa sai an yi gwajin ƙarshe. Lissafin mai sauƙi ne: in aka matsar da ɗinkin gefe da santimita 1, an samu 2 a wannan gefen saboda yadin gaba da na baya ne suka saki tare, gefe biyu ya ba da 4. Santimita 4 ɗin nan su ne kusan duk abin da nake nema. Da an bar su, da aikin yini guda ne.

Daga nan, in faɗi gaskiya, ta sauko, kuma da ta sauko sai gwanintarta ta dawo. Ta fito da ragowar yadin, Allah Ya sa ba a zubar ba, domin ko an koma an sayo irinsa, fari yana da launi-launi, na wani bandir ba lallai ya dace da na wani ba. Ta yanka siraran ƙyalle biyu masu tsini sama da ƙasa ta shigar a gefe daga ƙugu zuwa gwiwa, ta ɗauko furannin leshi ta rufe mahaɗin da su, har ya zama kamar da ma haka aka tsara. A hammata ta sa ƙyalle mai kusurwa huɗu, an yanka shi a karkace don ya riƙa ba da kai. Hannu ya samu hanya. Ba zan ce ya kai yadda zai kai in da an yanka daidai tun farko ba, amma na iya ɗaga shi sama da kaina ba tare da rigar ta bi shi ba.

Bayan ne ya ci aiki. Sai da aka cire duwatsun da ke kan layin ƙugu ɗaya bayan ɗaya, aka warware, aka rage kusan santimita 2 a tsakiyar baya, ragin yana sirancewa har ya ɓace a gefe, sannan aka mayar da duwatsun. Tattarar ta tafi. Abin da bai tafi ba shi ne sawun allura. Satin ba ya mantuwa, inda allura ta taɓa shiga ramin yana nan, tururi ya rage shi amma bai shafe shi ba. A gefen hagu akwai ɗan layin da leshi bai kai ya rufe ba, wanda ya matso kusa zai gani.

Zif ɗin kuma cire shi aka yi gaba ɗaya. Irin ɓoyayyen nan ne mai siraran haƙora, kuma shi ba a yi shi don ɗaukar matsi ba, ya fi fashewa a daidai ƙugu inda yadi ya ninku ya yi kauri. Ta ba da shawarar a mayar da bayan na igiya, a jera madaukai dama da hagu, a sa ƙyalle a ƙarƙashi don kada fata ta fito. Amfaninsa a fili yake, ana iya tsukewa ko sassautawa a ranar gwargwadon yadda jiki ya tashi. Amma na rasa jerin ƙananan maɓallan da na so tun daga wuya har ƙasa, waɗanda su ne suka fara jan hankalina ga wannan samfurin. Na yarda ne don lokaci ya ƙure, ba don na so ba.

Abubuwa biyu ta yi da ban roƙa ba, kuma sun cancanci yabo. Ta ɗinka wani ƙaƙƙarfan ƙyalle siriri a cikin ƙugu mai ƙugiyarsa daban, wanda ake fara ɗaurawa kafin a ja igiya. Shi ke ɗaukar nauyin siket ɗin ya ɗora a ƙugu, maimakon nauyin ya riƙa jan ƙirjin rigar ƙasa. Riga mai duwatsu tana da nauyi fiye da yadda ake zato, na ji bambancin nan take. Sannan ta ƙi taɓa kalmasar ƙasa sai da aka gama komai na sama, ta kuma dage sai na zo da ainihin takalmin da rigar maman da zan sa. Tana da gaskiya, domin gyaran ƙugu ya ɗaga bayan siket ɗin, da an riga an kalmasa da sai an sake. Gaban ta bar shi ya ɗan ɗaga daga ƙasa da kamar santimita 1, ban taka shi ko sau ɗaya ba.

Maganar kuɗin gyara ta so ta kawo wani sabon rikici. Ta ce aiki ya ƙaru, na ce ba ni na canza samfuri ba, ba kuma jikina ne ya canza ba, littafinta shaida ne. Ta bar maganar, amma fuska ba walwala. Babu wata yarjejeniya a rubuce tsakaninmu da ta ce ga yawan gwajin da za a yi, ga wanda zai ɗauki nauyin gyara in kuskuren daga shago ne, kuma ita ba ta da al'adar yin hakan da kowa. Shago mai karɓar aiki irin wannan ya kamata a ce yana da ita. Haka batun lokaci: gwajin farko ya kamata ya zo kamar mako 8 kafin biki, na ƙarshe kamar mako 2. Nata na farkon ya zo a makare bayan ɗage alkawari, shi ya sa duk gyaran aka yi shi a kan gaggawa, ni da ita kowa rai a ɓace.

A ranar, rigar ta yi abin da ake so. Na zauna, na tashi, na gaisa da mutane, na yi numfashi. Igiyar tana buƙatar mai ɗaurawa da ta san kanta, a fara daga sama a bi a hankali ana daidaita ƙyallen ciki, kuma telar ta sa yayata ta gwada a shago har ta iya, wannan ma na yaba. Igiyar ta ɗan sassauta bayan wasu sa'o'i, aka sake ja. A hotuna akwai wata tattara da ta karkace a kwankwason hagu, ni kaɗai nake ganinta in ji mutane, amma ina ganinta.

Inda aka samu cikas shi ne jela, wato yadin rigar da ke jan ƙasa a baya. Maɓalli ɗaya tak aka sa na ɗage ta idan za a yi tafiya cikin mutane, alhali jela mai wannan nauyin tana son a raba mata wurin kamawa uku ko fiye. Ana tsakiyar hidima ya tsinke, yayata ta kama ta da fil ta ciki, muka ƙarasa a haka. Da na faɗa wa telar bayan biki ta ba da haƙuri, ta ce in kawo ta gyara kyauta, ta kuma ƙara leshi a kan sawun allurar nan na gefen hagu. Na ce mata in za a yi, a sa madaukai uku, kuma a ɗinka su har cikin shafi.