Wata uku da manhajar finafinai: na biya kuɗi, makulli na hannunsu

Ni tela ne a Fagge, kuma mai zaman dare kan keke yana son abokin hira. Shi ya sa bayan ƙaramar sallah na yi rajista da wata manhajar finafinan Hausa, wadda ake biya wata-wata. Ba zan kama sunanta ba.

Gaskiya sun yi aiki. Hoto tar, murya raɗau, babu lambar wayar wani ɗan tura-tura tana yawo a goshin jarumi. Kuɗin wata bai kai ɗinkin riga ɗaya ba.

Rigimar ta fara ne da Hajiyarmu. Na sauke mata wani fim a shago, na tafi Dala da niyyar tura mata ta Xender, na nemi fim sama ko ƙasa na rasa. A cikin manhajar yana nan, a ma'ajiyar waya babu. Washegari na nufi Farm Centre wurin yaron da ke min gyara. Ya duba, ya yi dariya.

"Maigida, wayarka lafiya lau. Fim ɗin ne a kulle. DRM ake ce masa."

Ya ce a dagule fim ɗin yake zuwa, mabuɗin yana wurin kamfani, waya tana aronsa ne muddin kuɗinka bai ƙare ba. Ya ɗauki hoton allo ya nuna min: baƙi ƙirin. Ya ƙara da cewa akwai tsarin kulle fim na Google mai suna Widevine, kuma wayar da ke matakinsa na ƙasa, L3, kamar tawa, manyan manhajoji ba sa ba ta hoto mai kyau sosai. Na ce to a fasa mana. Ya ce dokar haƙƙin mallaka da Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta hana.

Ban ga laifin masu fim ba. Na ga lokacin da Ƙofar Wambai ke cike da dilolin kaset da faifai, na kuma ga yadda tura fim a naira hamsin ya durƙusar da su. Amma kaset idan ka saya, har maƙota sai sun kalla. Wannan haya ce, ya kamata su rubuta haka ɓaro-ɓaro. Ranar da watana ya cika, finafinai huɗu da na ƙona data na sauke suka ƙi buɗuwa.

Abin da ya fi ci min rai ma ba daga su ba ne. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, na koma sayen datar nan mai araha ta WhatsApp da Facebook kaɗai. Da ita manhajar da na biya ba ta motsi, sai ƙwallo ya yi ta juyawa. Amma fim ɗin nan, wani ya sato ya ɗora a Facebook, yana tafiya sumul. Wato hanyar ɓarawo kwalta, ta mai halal shinge. A kan irin wannan ne ake jayayya a duniya: ko kamfanin layi na da ikon zaɓa maka inda datarka za ta shiga. Indiya ta hana irin wannan bambancin farashi a 2016, har Free Basics, tsarin Facebook na shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, ya tattara. Amurka ta kafa ƙa'ida a 2015, ta soke a 2017. Mu nan garaɓasa muke kiransa, kuma ni ma ina saya, don aljihu ba ya jin muhawara.

Idan kana da cikakkiyar data kuma kai kaɗai za ka kalla, ka yi rajista, ba za ka yi da-na-sani ba. Idan don gida ne, ka fara tambaya waya nawa suke bari.

Hajiya dai ta ga fim ɗinta. Na bar mata wayata ranar Juma'a daga la'asar zuwa isha, na dawo na tarar ta amsa kiran kwastomomi uku, ta yi wa kowa alƙawarin kayansa gobe.