Cacar Karta a Intanet: Ƙarfin Doka ko Faɗakarwa?

A Kano haramcin caca sananne ne, domin aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, kuma dokar Shari'a da jihar ta ɗauka a 2000 ta hana ta. Saɓanin yana kan yadda za a magance cacar karta da ta koma cikin waya.

Doka tana da ƙarfi a kan abin da ido ke gani. A 2024 Hukumar Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a birnin, sannan a watan Nuwamba Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta bar wa jihohi ikon tsara lamarin. Sai dai matashin da ke ɗakinsa a Fagge yana buga karta da kuɗi a shafin da ke ƙasar waje, babu kwaɗon da zai tare shi. Ko Amurka, wadda ta haramta karɓar kuɗin cacar intanet da ta saɓa doka tun 2006, sai a 2011 ta ƙwace adiresoshin manyan shafuka irin su PokerStars.

Faɗakarwa kuwa, ta huɗubar Juma'a da rediyo da makarantun Islamiyya, tana isa ga mai wayar duk inda ya keɓe, amma tafiyar hawainiyarta tana damuna, musamman idan ta tsaya ga tsoratarwa. Na fi ganin amfaninta idan malami ya bayyana yadda kamfanin ke yankar kasonsa a kusan kowane zagaye, ta yadda jimillar abin da 'yan wasa ke kwasa ba ya kai abin da suka zuba.